Amsoshin Tambayoyinku: Rukunin Sojan da ke Tuƙa Jirgin Shugaban Amurka Mai Saukar Ungulu

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun da muka zaɓo yau duk a kan abu ɗaya suka taru, don haka za mu bi su ɗaya bayan ɗaya ba tare da wani jinkiri ba.

Ta farko daga wani malami ce, mai sauraronmu na yau da kullum. Ya ce yakan ga shugaban Amurka a talabijin yana fitowa daga fadar White House, ya ratsa ciyawa, ya shiga wani koren jirgi mai saukar ungulu mai farin kai, ga soja a bakin ƙofa yana sara masa. Yana son sanin sojojin wace runduna ce ke tuƙa wannan jirgi, kuma mene ne tarihinsu.

To Malam, waɗannan su ne sojojin kundumbala na Amurka, wato waɗanda ake kai su ta teku su sauka su yi yaƙi a tudu. A cikin rundunar tasu akwai rukunonin jiragen sama da yawa, kowanne da kwamandansa da matuƙansa da makanikansa da lambarsa. Wanda kake tambaya a kai sunansa HMX-1, mazauninsa kuma sansanin Quantico ne a jihar Virginia, kudu da birnin Washington. Harafin H na helikwafta ne, M na rundunar kundumbalar, X kuwa alamar gwaji ce. Ka riƙe wannan harafi na uku, Malam, domin a cikinsa asalin labarin yake. Lokacin da aka kafa rukunin babu wanda ya kawo maganar shugaban ƙasa a ransa. Tsoron bam ɗin ƙare-dangi ne ya haife shi.

Ga yadda abin ya faru. A Yaƙin Duniya na Biyu, in sojojin kundumbala za su ƙwace wani tsibiri daga hannun Japanawa, sai a tara ɗaruruwan jiragen ruwa a gaban gaɓa, a zuba sojoji cikin ƙananan kwale-kwale, su tunkari bakin bindiga kai tsaye. An ci nasara da wannan salo, amma da jini mai yawa. A Tarawa, cikin 1943, sojojin kundumbala kimanin dubu ɗaya suka mutu a kwana uku. A Iwo Jima, cikin 1945, Amurkawan da suka mutu sun kusa dubu bakwai.

A watan Yulin 1946 Amurka ta gwada bam ɗin nukiliya a tsibiran Bikini da ke tekun Fasifik. Aka jera tsofaffin jiragen yaƙi a kan ruwa, aka tashi bam a tsakiyarsu don a ga abin da zai yi musu. Cikin manyan hafsoshin da suka je kallo akwai Laftanar Janar Roy Geiger, wanda shi kansa tsohon matuƙin jirgin sama ne. Gani ya kori ji. Da ya dawo sai ya rubuta wa shugaban rundunarsu, Janar Alexander Vandegrift, cewa daga yau duk wanda ya cunkusa jiragen ruwa wuri ɗaya a bakin gaɓa, 'yan bama-bamai kaɗan sun isa su shafe shi, saboda haka lallai a sake tunani. Vandegrift ya kafa kwamiti ƙarƙashin Manjo Janar Lemuel Shepherd. Kwamitin ya duba sauke sojoji da lema, ya duba jiragen da ke sauka kan ruwa, a ƙarshe ya tsaya kan helikwafta. Dabarar ita ce a warwatsa jiragen ruwa can nesa cikin teku, sojoji su tashi daga kansu ta sama, su tsallake gaɓar da maƙiyi ya girke bindigogi, su sauka a bayansa.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne ƙarfin halin yin wannan shawara a wancan lokaci. Helikwaftan 1946 ɗan ƙaramin abu ne mai karkarwa. Igor Sikorsky, haifaffen birnin Kiev da ya yi hijira zuwa Amurka, a 1939 ya fara ɗaga nasa daga ƙasa. Wato shekara bakwai kacal. Mutanen nan sun tsara yaƙi da jirgin da ba a riga an ƙera irinsa ba. Aka kafa HMX-1 ranar 1 ga Disamba 1947 ƙarƙashin Kanar Edward Dyer, da 'yan tsirarun mutane, kuma ranar ba su da helikwafta ko ɗaya. Sai a watan Fabrairun 1948 biyu na farko suka iso, ƙirar Sikorsky HO3S-1, mai ɗaukar matuƙi da fasinja uku. Shi kuwa Janar Geiger bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba, ya rasu a watan Janairun 1947.

A watan Mayun 1948 suka yi gwajin farko na gaske. Helikwafta biyar suka riƙa tashi daga kan jirgin ruwan USS Palau suna sauke sojoji a gaɓar North Carolina. Sawu 35 suka yi kafin su kai mutum 66. In ka lissafa, ko mutum biyu bai cika ba a kowane sawu. Wani zai ce wannan ai wahala ce kawai, kwale-kwale biyu sun kwashe su gaba ɗaya. Amma abin da ake son tabbatarwa ya tabbata: ana iya tashi daga teku a sauke soja da makaminsa inda aka ga dama. Kafin shekarar ta ƙare sun rubuta littafin koyarwa na farko a kan wannan salon yaƙi, sun kuma karɓi wani dogon jirgi mai farfela biyu, ƙirar Piasecki, wanda saboda lanƙwasarsa sojoji suka yi masa laƙabi da ayaba mai tashi.

Ba a daɗe ba aka gwada su a fagen fama. Yaƙin Koriya ya ɓarke a watan Yunin 1950, aka kwashi matuƙa daga HMX-1 tare da helikwafta huɗu aka tura can. Koriya ƙasa ce ta duwatsu, hanyoyi kaɗan ne, sojan da ya ji rauni a kan tsauni yakan ɗauki sa'o'i ana sauko da shi a kafaɗa, da yawa kuma kan cika a hanya. Helikwafta ya mayar da sa'o'in nan mintoci. A watan Satumban 1951 wani rukunin kundumbala mai lamba HMR-161, wanda ya ɗora aikinsa kan abin da aka koya a Quantico, ya kai wa wata bataliya kaya fiye da tan takwas a rana ɗaya, ya dawo da masu rauni 74. Bayan kwana takwas suka sauke sojoji 224 a kan wani tsauni. A ganina, Malam, wannan shi ne babban abin da rukunin HMX-1 ya bar wa duniya, ya fi ɗaukar kowane shugaba muhimmanci. Duk rundunar da a yau ke sauke dakarunta daga helikwafta, ko ta kwaso mai rauni daga daji, akwai sawun mutanen Quantico a hanyar da take bi.

Adalci kuma ya sa mu ce ba su kaɗai ba ne. Tun a 1944 wani matuƙin sojan Amurka, Carter Harman, ya ceto mutane huɗu da helikwafta daga dajin Burma. Kuma waɗanda suka fara kai hari na gaske daga jirgin ruwa ta helikwafta Turawan Ingila ne, a Port Said ta ƙasar Masar, lokacin rikicin mashigin Suez a watan Nuwamban 1956.

Wasiƙa ta biyu kamar ta san inda muka tsaya. Wani matashi ɗalibi ne ya aiko ta, yana tambaya: wane ne shugaban Amurka na farko da ya shiga helikwafta, kuma me ya sa ake ce wa jirgin Marine One?

Ɗan'uwa, Dwight Eisenhower ne shugaba mai ci na farko, kuma sau biyu labarin ya faru a shekarar 1957. Ranar 12 ga Yuli sojojin sama suka ɗauke shi daga harabar White House a wani ɗan ƙaramin jirgi ƙirar Bell, cikin atisayen yadda za a tsere da shugaban ƙasa idan aka kawo harin nukiliya. Ka ga bam ɗin nan ya sake leƙowa cikin labarin. Jirgin ya yi ƙanƙanta, ga zafi a ciki, matuƙi ɗaya ne kuma.

Na biyun shi ya sauya komai. Ranar 7 ga Satumba Eisenhower yana hutu a Newport ta jihar Rhode Island, aka buƙace shi a Washington da gaggawa. Jirginsa na sama yana ɗaya tsallaken ruwa, tafiyar kusan awa guda. Akwai helikwaftan HMX-1 a kusa, wanda aka ajiye don ko-ta-kwana. Aka sa shi ciki, cikin minti bakwai ya tsallake. Tsohon janar ne da ya san darajar lokaci, daga nan bai waiwaya ba. Kusan shekara ashirin sojojin ƙasa da na kundumbala suna raba aikin tsakaninsu, sai a 1976 aka miƙa shi gaba ɗaya ga HMX-1. Shi ya sa jirgin da ya ɗauke Richard Nixon daga fadar ranar 9 ga Agusta 1974, bayan ya yi murabus, matuƙinsa sojan ƙasa ne. Daga baya aka ajiye jirgin a ɗakin tarihin Nixon da ke California.

Batun suna kuwa, Marine One ba sunan wani jirgi guda ba ne. Kiran rediyo ne. Duk jirgin sojojin kundumbala da shugaban ƙasa ya sa ƙafa a ciki, daga wannan lokaci masu kula da zirga-zirgar sama da wannan suna za su kira shi. Yana sauka, jirgin ya koma lambarsa ta kullum. In mataimakin shugaba ne a ciki sai a ce Marine Two.

Sai wasiƙar wata baiwar Allah. Hajiya ta ce ta ji ana cewa jiragen ba sa tashi ɗaya tilo, kuma wai duk ƙasar da shugaban zai je sai an yi dakon helikwaftansa zuwa can. Ta ce ita dai abin ya yi mata kama da ƙari.

Hajiya, babu ƙari a ciki, duka biyun gaskiya ne. Jiragen kan tashi cikin ayari, wani lokaci har biyar, masu launi ɗaya da fasali ɗaya. Da zarar sun ɗaga sai su riƙa sauya wuri a sama, na gaba ya koma baya, na dama ya koma hagu, yadda wanda ke ƙasa da mugun nufi ba zai gane wanne ne ke ɗauke da shugaban ba. Helikwafta yana tafiya ƙasa-ƙasa, ba shi da gudun jirgin yaƙi, saboda haka ruɗa ido yana cikin manyan garkuwarsa. Bayan wannan akwai na'urorin da ke gano makami mai linzami da masu watsa tartsatsin wuta don su karkatar da shi, da layukan sadarwa na sirri da shugaban zai yi magana da fadarsa da ma'aikatar tsaro yana sama.

Dakon ma haka yake. Kafin shugaban ya isa wata ƙasa, an riga an loda helikwaftoci cikin manyan jiragen dakon kaya na sojan sama, C-17 ko C-5, an sauke su, makanikai sun mayar da abin da aka kwance, matuƙa sun tashi sun gwada, sun bi hanyar da za a bi, sun sauka a filin da za a sauka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tafiyar minti goma da kike gani a labarai, akwai aikin kwanaki a bayanta.

A nan nake so in ɗan tsaya, Hajiya, domin wannan ɓangaren ne kyamara ba ta nunawa. Rukunin yana da mutane fiye da 800, matuƙa kuwa kaɗan ne daga cikinsu. Mafi yawa makanikai ne, da masu gyaran lantarki da rediyo, da masu gadi, da masu lissafin kayan gyara. An raba su gida biyu. Akwai ɓangaren fari, masu kula da jiragen shugaban ƙasa, waɗanda ke aiki a wani killataccen wuri da ba kowa ke shiga ba, ko da sojan rukunin ne, sai wanda aka binciki tarihinsa ciki da waje aka ba shi izini na musamman. Akwai ɓangaren kore, masu jiragen da ke ɗaukar 'yan rakiya da jami'an tsaro da 'yan jarida. Tun 2013 waɗannan suke amfani da Osprey, jirgin nan mai ban mamaki da ke tashi tsaye kamar helikwafta, in ya hau sama ya kifar da farfelunsa gaba ya miƙe kamar jirgi mai fiffike. Kayan gyaran ɓangarorin biyu ma ba a gauraya su.

Sojan nan kuma da mai wasiƙar farko ya gani yana sarawa a bakin ƙofa, kada a ɗauka ɗan ado ne da aka tsayar don hoto. Shi ne shugaban ma'aikatan jirgin, makaniki ne, yawanci matashi mai igiya a hannu. Shi ya duba jirgin tun kafin gari ya waye, shi ya sa hannu cewa lafiyarsa ƙalau, kuma shi ma a ciki zai tashi. Ni wannan tsari yana shiga raina: wanda ya ɗaure kusoshin yana cikin waɗanda za su rataya a kansu. Matuƙin kuma, in ya zo sauka a harabar fadar, tsakanin bishiyoyi yake bi, ya ɗora tayoyinsa uku a kan wasu jajayen faya-fayai uku da aka shimfiɗa a ciyawa. Ba a son ya kauce ko kaɗan.

Wani mai sauraro ya aiko da gajeriyar tambaya: mene ne ke sa helikwafta ya tsaya cak a sama, alhali sauran jirage sai sun yi gudu?

Malam, jirgi mai fiffike sai iska ta ratsa fiffikensa da ƙarfi kafin ya ɗaga, shi ya sa yake buƙatar doguwar hanya. Helikwafta fiffikensa ne ke yin gudun a madadinsa, wato farfelar da ke juyawa a kansa. Matuƙi yana sauya karkatar ruwan farfelar: in ya ƙara musu duka sai jirgin ya hau, in ya ƙara ta gefe ɗaya sai ya nufi inda yake so. Ƙaramar farfelar wutsiya kuwa ita ke hana gangar jikin juyawa kamar katantanwa. Da Bahaushe ya ga yadda yake saukowa tsaye ya dira, ai ka ga bai yi kuskuren suna ba.

Tambaya ta gaba a kan kuɗi ce. Wani ɗan kasuwa ya ce ya ji labarin an taɓa kashe biliyoyin daloli a kan sabon jirgin shugaban Amurka, ƙarshe kuma ba a yi amfani da shi ba. Haka ne?

Haka ne, Alhaji. Jiragen da aka fi sani, manyan nan ƙirar Sea King, tun shekarun 1970 suke aiki, ƙananan masu suna White Hawk kuma tun ƙarshen shekarun 1980. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka ga lallai a sabunta su. A 2005 aka bai wa kamfanin Lockheed Martin kwangilar jirage 28 a kan kimanin dala biliyan 6. Sai aka yi ta ƙara buƙatu bayan an fara aiki, a sa wannan na'ura, a ƙara waccan kariya. Nauyi ya ƙaru, sai an sake inji da farfela, kuɗi ya yi ta hawa har ƙiyasi ya kai wajen dala biliyan 13. A farkon 2009 Barack Obama da bakinsa ya ce shi a ganinsa helikwaftan da yake da shi ya wadatar, a shekarar kuma sakataren tsaro Robert Gates ya soke aikin bayan an riga an kashe kusan dala biliyan 3. Jirage tara da aka ƙera aka sayar wa Kanada a kan dala miliyan 164, don ta riƙa cire kayan gyara. Wannan ɓarna ce, babu wani suna da za a ba ta, kuma laifin ba na matuƙa ko makanikan rukunin ba ne, na masu tsara kwangila ne da ba su tsayar da abin da suke so ba tun farko.

A 2014 aka sake lale, aka bai wa Sikorsky kwangilar jirage 23 ƙirar VH-92. Shi ma ya sha jinkiri. Na'urorin sadarwarsa sun ba da wahala, sannan aka tarar zafin da injinsa ke fitarwa yana ƙona ciyawar harabar fadar in ya sauka. Sai a watan Agustan 2024 ya fara ɗaukar shugaban ƙasa, lokacin da Joe Biden ya shige shi a birnin Chicago. Duk tsawon shekarun nan, makanikan Quantico ne suka riƙe tsofaffin jiragen da suka girme yawancinsu.

Wasiƙar ƙarshe daga wata ɗaliba ce da ta ce burinta ta zama matuƙiyar jirgi. Tambayoyinta biyu: shin jirgin wannan rukuni ya taɓa faɗuwa, kuma mace ta taɓa tuƙa shugaban ƙasa?

'Yar'uwa, Allah ya cika miki burinki. Babu shugaban Amurka da ya taɓa rasa ransa ko ya faɗo a jirgin wannan rukuni tun 1957. Amma su sojojin sun yi rashi. Ranar 19 ga Mayu 1993, farkon mulkin Bill Clinton, wani White Hawk na rukunin ya faɗi a jihar Maryland, kusa da kogin Potomac. Ba shugaba a ciki, sojoji huɗu ne, kuma dukansu suka rasu.

Mace kuwa ta tuƙa. Manjo Jennifer Grieves ce ta farko da ta zama kwamandar jirgin Marine One. Ta shiga rundunar ne a matsayin ƙaramar soja, ta yi karatu ta zama hafsa, ta koyi tuƙin manyan helikwaftocin dakon kaya, sannan aka zaɓe ta zuwa Quantico. Ta ɗauki George W. Bush, ta ɗauki Obama. Ranar 16 ga Yuli 2009, wadda ita ce ranarta ta ƙarshe a wannan aiki, ta ɗauki Obama daga harabar White House zuwa sansanin Andrews, kuma a wannan tashi mataimakiyar matuƙiya mace ce, shugabar ma'aikatan jirgin da ta buɗe masa ƙofa ta sara masa ita ma mace ce.